Asabar ɗin da Madam Zalihata ta Ceci Kifin Anti Rahila

Ranakun aiki da yawa sun zo sun wuce ban riƙe komai a cikinsu ba, amma ban taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Yuli ba, ranar da wata mata 'yar shekara hamsin da biyu, wadda ba ta cika wata uku da fara koyon aikinmu ba, ta ɗora hannu a kan takardar da nake shirin cikewa a bayan wani shago da ke East Greensboro, ta ce, "Shef, dakata, kar ka rubuta tukuna." Ku da kuka shigo kamfanin nan kwanan nan kun sha jin ina ambaton Madam Zalihata. Yau zan ba ku labarinta daga tushe.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Issufu, haifaffen Damagaram. A Yamai na koyi gyaran firigo wurin wani kawuna, na zo Greensboro yau sama da shekara ashirin, kuma tun zuwana aikin sanyi nake yi. Kamfaninmu ƙarami ne. Mu ke kula da ɗakunan sanyi na shaguna da gidajen abinci, da injinan ƙanƙara, daga cikin gari har gonakin Summerfield. Aikin yana da matakai. Mutum yakan fara a matsayin ɗan koyo, yana ɗaukar kaya yana kallo, ba a barin sa shi kaɗai a gaban inji. In ya ci jarrabawar da ke ba shi lasisin taɓa gas ɗin da ke cikin injinan, sai ya zama teknishan. Bayan wasu shekaru ya zama babban teknishan, a ba shi mota da ɗan koyo. A samanmu duka akwai sufabaiza, shi ke raba aiki, kuma shi ke sa hannu a kan wanda za a riƙe da wanda za a sallama. A lokacin ni babban teknishan ne, sufabaizanmu kuwa wani Ba'amurke ne mai suna Mista Wolta, mutumin McLeansville. Mai gaskiya ne, sai dai ba ya son abin da zai ɓata masa minti biyar.

Madam Zalihata da shara ta shigo mana. Ita ke zuwa da sassafe ta goge ofis da wurin gyara. 'Yar tsibiran Komoro ce, can cikin teku tsakanin gabashin Afirka da Madagaska, daga wani tsibiri da ake kira Anjuwan. Ta zo ne wurin 'yarta da ke aikin nas a nan. Turancinta kaɗan ne, sai dai tana jin Faransanci, ni ma ina ji, don haka ni kaɗai ne a kamfanin take hira da shi. Tana kira na Shef, kamar yadda masu Faransanci ke kiran shugaban aiki, ni kuma ina ce mata Madam. Na lura in ta zo gogewa kusa da teburina sai tsintsiyarta ta yi nauyi. Ta tsaya tana kallon abin da nake kwancewa, ta yi tambaya ɗaya, gobe ta yi biyu. Wata safiya na tarar da wani kwali a kan teburin, an zana a bayansa yadda gas ke zagayawa a cikin injin sanyi, daga kwamfiresa har ya dawo, an rubuta sunan kowane sashe da Faransanci. Kuskure ɗaya ne kawai a ciki. Ita ta zana, daga abin da ta tsinta a bakina.

A makon nan ta roƙe ni in raka ta wurin Mista Wolta, tana son a ɗauke ta koyo. Da na fassara masa, sai ya cire gilashinsa ya dube ni, ya ce, "Issufu, matar nan ta girme ni. Ita za ta hau tsani da jakar kayan aiki a zafin Yuli?" Na ce ban sani ba, amma kanta yana ja. Ya ce ya ba ta wata uku na gwaji a motata, in ba ta iya ba ta koma kan shararta, babu ɓacin rai. Zan faɗa muku gaskiya, ni ma a zuciyata haka nake gani. Na ɗauka ta gaji da goge-goge ne tana neman aikin da ya fi tsoka, kamar kowa. Ban taɓa tambayarta dalili ba.

Abu ɗaya ne ke damuna da ita a watannin nan. Duk abin da na canza a jikin inji, sai ta ce, "Shef, in babu wannan fa?" In ce mata akwai, ga shagon kayan gyara nan minti goma a mota. Ta ce, "To, amma in babu?" Sai na yi ta bayanin abin da za a iya yin maleji da shi, tana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango da ba ta rabuwa da shi. Na ɗauki wannan a matsayin tsirfa. Mista Wolta kuma ya fara ƙorafin cewa motata ta fi kowace mota daɗewa a wurin aiki, har ya ce min ƙarshen wata zai duba maganarta.

To, ranar Asabar ɗin nan gari ya yi wani irin zafi mai ɗanshi, irin wanda riga ke manne wa mutum tun safe. A irin wannan rana injina ke faɗuwa kamar kaji a lokacin annoba. Kafin azahar mun je wuri huɗu, akwai uku suna jira. Sai ofis ya turo mu shagon Anti Rahila. Wasunku sun san ta, mutuniyar Kafanchan, mai sayar da kayan abincin gida. Tana da ɗakin firiza irin wanda mutum ke shiga ciki, kuma ranar Alhamis aka sauke mata kaya, ɗakin cike yake har baki da katan-katan na kifi da naman akuya da kaji. Rabin kayan ma na taron matan cocinsu ne da za a yi mako mai zuwa. Dokar abinci a ƙasar nan ba ta da wasa. In nama ko kifi ya narke ya wuce iyakar da aka sa, zubarwa ake yi, ko da a ido lafiyarsa lau.

Mun tarar da ita a bakin ƙofa, ɗankwalinta a hannu. Ta ce, "Malam Issufu, sannu da zuwa. Tun safe na ji abin nan ya yi shiru. Lambar awon sanyi da ke jikin ƙofa sai hawa take yi. Don Allah ka duba min, duk abin da na mallaka yana cikin ɗakin nan."

Injin yana bayan shagon a kan siminti, rana na dukan sa kai tsaye. Na bi ƙa'ida. Na kashe wuta daga babban makunni, na sa ɗan kwaɗona don kada wani ya kunna muna ciki, na buɗe murfi. Kwamfiresa ita ce zuciyar injin, ita ke tura gas. Da na kai hannu kusa da ita sai na janye, don ta yi zafin da za a soya ƙwai a kanta. Na sa mita a kan wayoyinta, mita ta nuna babu hanya, wato kamar wayar da ke ciki ta ƙone ta tsinke. Na sake gwadawa, haka. Na ce a raina shi ke nan, ta mutu. Irin wannan kwamfiresa ba ma ajiye ta a mota, shagon kayan gyara ya rufe tun sha biyu, kuma ko an yi oda ba za ta iso ba sai Talata.

Na je na gaya wa Anti Rahila. Ba ta yi kuka ba, ta dai nemi wani bokiti ta kife ta zauna a kai, tana cewa, "Talata? Malam Issufu, Talata?" Ta fara lissafa waɗanda ke da firiza a gida cikin 'yan cocinsu, ni da ita duk mun san ko an haɗa su duka ba za su ɗauki kwatan kayan ba. Na koma bayan shago na ɗauko takardar aiki zan rubuta a canza kwamfiresa. A nan ne Madam Zalihata ta ɗora hannu a kan takardar.

Ta ce, "Shef, ka taɓa fankar?"

Na ce wace fanka. Ta nuna min fankar da ke hura iska tana fitar da zafi daga injin. Ta sa sukudireba ta tura fiffikenta, ya ƙi juyawa. Ta ce, "Wannan ce ta fara mutuwa. Da ta tsaya, zafi ya taru, kwamfiresa ta ɗauki zafi. Kai ka koya min a mako na biyu cewa akwai ɗan makunni a cikin cikinta da ke yanke wuta in ta yi zafi, don ta kare kanta. Ka ce in ya yanke, mita za ta nuna kamar ta ƙone. Wataƙila ba ta mutu ba, suma ta yi."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ne ni na koya mata. Gajiya da gaggawa ne suka rufe min ido. Amma girman kai bai bar ni na amsa nan take ba. Na ce mata wani lokaci sai a yi awa uku ana jira kuma a tarar ta ƙonen da gaske, ga wurare uku suna jiran mu. Ta ce in tafi in bar ta. Na ce doka ba ta yarda a bar ɗan koyo shi kaɗai ba. Sai ta dube ni, wani irin kallo da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Shef, akwai kifi a ɗakin nan. Ba zan tsaya ina kallo a zubar da kifi ba alhali ban gwada ba."

Na kira Mista Wolta na yi masa bayani. Ya ce, "Wa ya kawo wannan shawarar?" Na ce Madam ce, kuma ina ganin tana da hujja. Ya ce, "Awa ɗaya. In ba ta tashi ba ka rubuta ka wuce. Kuma Issufu, wannan a wuyanka yake."

Abin da na gani a awar nan shi ne ya sa nake ba ku wannan labari. Matar da ta yi kusan wata uku tana bin bayana da jaka, sai ga ta tana ba da umarni kamar wadda ta shekara ashirin a aikin. Ta sa na gaya wa Anti Rahila kada kowa ya sake buɗe ƙofar firiza, ko don leƙawa, ta manne bakin ƙofar da salatif da hannunta. Ta yayyaga manyan kwalaye ta yi wa injin rumfa. Ta naɗe inda wayoyi suke da leda ta ɗaure tam, sannan ta jawo tiyo ta saki ruwa siriri a kan ƙarfen kwamfiresa, ba da ƙarfi ba. Ta aika aka sayo buhunan ƙanƙara a gidan man da ke tsallaken titi, ta jera su a jikin kwamfiresar cikin jiƙaƙƙen tawul. Sai ta tambaya ko akwai wanda ke da babbar fanka irin ta ɗakin taro. Anti Rahila ta yi waya, ba a jima ba sai ga mata biyu 'yan cocinsu sun iso da fankar cocin a bayan mota, ɗaya ma da kumfar wanki a hannunta.

Duk minti goma nakan sa mita. Babu. Minti arba'in, babu. Madam Zalihata tana durƙushe a kan siminti mai zafi, mayafinta ya jiƙe sharkaf da gumi da ruwan tiyo, leɓɓanta suna motsi, na san salati take yi. Matan coci kuma suna gefe sun kama hannun Anti Rahila suna addu'a a hankali. Awa ɗaya ta cika, babu. Wayata ta yi ƙara, Mista Wolta ne. Na ce masa ƙarfen ya fara sanyi a hannu, ina roƙon rabin awa, ya tura wani teknishan wurin da ya fi gaggawa. Ya faɗi wata kalma da ba zan maimaita muku ba, ya kashe waya.

Kamar minti ashirin bayan haka muka ji wani ɗan sauti daga cikin kwamfiresa, ƙas, kamar an karya tsinken ashana. Madam Zalihata ta ɗago kai. Na sa mita, mita ta yi ƙara. Hanya ta dawo.

Muka cire fiffiken matacciyar fankar don iska ta sami hanya, muka ɗaure ta cocin da waya a jikin injin tana hura masa iska, muka share ruwa, na cire kwaɗona na kunna wuta. Kwamfiresa ta yi gurnani ta kama aiki. Na ɗaura geji mai auna ƙarfin gas ina kallon allurai suna komawa inda ya kamata. Ɗaya daga cikin matan ta ruga gaban shago ta tsaya a jikin lambar ƙofa, can sai muka ji ta rangaɗa guɗa tana cewa lamba ta fara sauka. Da muka auna daga baya, kayan ba su kai iyakar zubarwa ba, ko katan ɗaya ba a yi asara ba.

Ba mu iya tafiya nan take ba, don irin wannan gyaran na wucin gadi sai an zauna an ga ya riƙe. Anti Rahila ta kawo mana kujeru a inuwar bango, da zoɓo mai sanyi da shinkafa. Ta zauna tana kallon Madam Zalihata, sannan ta ce min, "Malam Issufu, don Allah tambayar min baiwar Allahn nan, me ya kai ta wannan aikin a shekarunta? Ni dai na buɗe shago ne don na gaji da ɗaga tsofaffi a gidan kula da su, bayana ya ƙi. Ita fa?"

Na fassara. Madam Zalihata ta ajiye kofi. Abin da ta faɗa, ni ne na riƙa juya shi zuwa Hausa jimla bayan jimla, shi ya sa ya zauna min daram.

Ta ce mahaifinta masunci ne, mahaifiyarta mai sayar da kifi. A ƙauyensu akwai lokacin da manyan kifaye ke matsowa kusa da gaɓa, kwale-kwale su dawo cike har suna neman nutsewa. Ta ce, "Za ku ɗauka ranar murna ce. A wurinmu ranar baƙin ciki ce. Kowa ya kamo, babu mai saye, babu ƙanƙara. Da hantsi kifi yana da daraja, da azahar sai yadda mai saye ya ce, da la'asar ya fara wari. A shanya wanda za a iya, a sa wa wani gishiri, sauran a haƙa rami a rairayi a binne. Ina 'yar shekara tara na fara taya uwata jan kifi zuwa rami. Kifi ya kai tsayina. Bayan mako biyu kuma teku ta yi fushi, mu kwana da rogo babu miya."

Anti Rahila ta ce, "To, ba gwamnati? Ba masu taimako?"

Ta ce an taɓa kawo musu injin ƙanƙara kyauta daga waje. Aka yi biki, aka yi kiɗa. Ya yi aiki 'yan watanni, sai wani ɗan abu ya lalace a jikinsa. Babu wanda ya san sunan abin a duk yankin, balle ya yi odarsa, kuma ko an yi sai ya biyo jirgin ruwa ya yi watanni. Ta ce, "Har na baro gida injin yana nan, awaki ke kwana a inuwarsa. Ku a ƙasarku in abu ya ƙare a garinku sai ku hau mota ku je gari na gaba. Mu gari na gaba ruwa ne. Shi ya sa ban ce zan tara in sayi inji kawai ba. Na ce sai na san cikinsa kamar yadda na san tukunyata."

A nan na gane ma'anar tambayar nan da ta dame ni da ita wata uku. Littafinta mai baƙin bango ba na jarrabawa ba ne. Littafin mutumin da zai zauna ne a inda babu shagon kayan gyara.

Na ɗauka Madam Zalihata ta gama. Can ta ce tana da ƙane, Nasurdin, wanda babu masuncin da ya kai shi a ƙauyen. Wata shekara ya yi kamun da bai taɓa yin irinsa ba, ya binne fiye da rabi da hannunsa. Bayan kwana uku ya shiga ƙaramin jirgi tare da wasu samari, za su tsallaka zuwa wani tsibiri na kusa da ke hannun Faransa, neman aiki. Jirgin bai isa ba. Ta ce, "Ba don teku ta hana shi kifi ba ne ya tafi. Ya tafi ne a makon da ta ba shi fiye da kowa. A wurinmu aiki iri biyu ne, ko gwamnati ta ɗauke ka, ko ka shiga ruwa ka tafi. Ni ina so in buɗe na uku, ko da mutum biyar ne za su ci abinci a ciki."

Na fassara wannan ma. Anti Rahila ta tashi ta rungume ta, ita tana magana da Hausa, waccan tana amsawa da yarensu, kuma babu wadda ta nemi in fassara. Ni kuwa ina zaune da cokali a hannu, ina jin kaina ƙarami. Shekara ashirin ina gyara injinan nan, ban taɓa ɗaukar ƙanƙara a matsayin wani abu da ya wuce abin sa wa lemo ba. Ga wata ta tsallako rabin duniya, ta yi shara, ta jure raini, a shekarun da sa'o'inta ke zaune suna wasa da jikoki, duk don ta koyi yadda ake daskarar da ruwa.

Ranar Litinin muka sa sabuwar fanka, muka mayar wa coci tasu. Kwamfiresar nan da na so in yanke wa hukunci ta ƙara shekaru tana aiki. Na shiga ofishin Mista Wolta na gaya masa komai, har da kuskurena, har da labarin tsibirin. Ya jawo takardarta ya sa hannu. Da zan fita ya ce, "Daga yau duk kiran injin ƙanƙara motarka za a ba, ta gan su iri-iri." Daga baya shi da kansa ya riƙa ajiye mata tsofaffin kayan da aka cire masu sauran rai, yana rubuta sunan kowanne a jiki.

Ba komai ne ya zo mata da sauƙi ba. Ta faɗi jarrabawar lasisi a karon farko, Turanci ya kayar da ita, ba aikin ba. Ta yi wata huɗu 'yarta na yi mata bita, ta koma ta ci. Ta yi shekara biyu da wani abu a motata, har ta kai ni ke riƙe mata fitila. 'Yarta ba ta so ta koma ba, sun yi ta fama, ta ce wa uwar ta tsufa, ga asibiti a nan, ga hutu. Amma ta tafi. Ta haɗa kayanta a kwantenar haɗaka: ƙaramin injin ƙanƙara na hannu da muka gyara tare, da faifan sola saboda wutarsu ba ta da tabbas, da akwatunan kayan gyara. Kwantenar ta yi watanni a hanya, har muka fara fidda rai.

Wata safiya ina cikin mota a hanyar Summerfield sai ga kiranta ta bidiyo. Na faka a gefen titi. Tambaya ce ta kawo ta, wai allurar geji tana rawa, me nake gani. Muka warware wannan cikin minti biyar. Amma a bayanta ina hango layin mata da robobi da buhuna, ana ta hayaniya, ga teku shuɗiya can ƙasa. Na ce, "Madam, duk waɗannan naki ne?" Ta yi dariya ta ce injin ya yi musu kaɗan, kullum sai an yi faɗa a layi. Ta ce wani ɗan maƙwabcinsu da ya riga ya yi niyyar shiga jirgi ya fasa, yanzu yana ɗaukar kifi cikin ƙanƙara a babur yana kai wa ƙauyukan kan dutse, inda da sai busasshe suke gani. Wata mata ta fara sayar da ruwan sanyi a bakin makaranta. 'Yan mata biyu kuma sun ce sai ta koya musu gyara. Ta ce, "Shef, da babu wanda ke tunanin buɗe wani abu, don ba su taɓa ganin na gida ya buɗe ya tsaya ba. Yanzu kowa da shawararsa, har sun ishe ni."

Na tambaye ta masuntan fa. Ta ce jiya ta ga wani tsoho, abokin mahaifinta, mai saye ya taya kifinsa da wulaƙanci kamar yadda aka saba. Tsohon ya rufe akwatinsa na ƙanƙara, ya zauna a kai, ya ce, "Sai gobe." Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin masunci ya faɗi wannan kalma a bakin ruwa ba.

Na daɗe a gefen titin nan ban tayar da mota ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. In kun tarar da kwamfiresa da zafi, mita ta ce babu hanya, kada ku rubuta komai sai ta huce, kuma ku nemi abin da ya sa ta yi zafin. Wannan na hannu ke nan. Na zuciya kuwa, ku daina ganin aikin nan ƙarami ne. A garin nan sanyi ya yi yawa har mun daina ganin sa, kowane gidan mai da buhunan ƙanƙara a ƙofa. Amma abin da muke gyarawa lokaci ne muke saya wa mutane, kwana ɗaya ko biyu da mai kaya zai iya jira ba tare da an taka shi ba. Kuma duk wanda aka sa a motarku, tsoho ne ko yaro, mace ko namiji, ku tambaye shi tun makon farko me ya kawo shi. Ni wata uku na yi ina zaune kusa da mafi girman dalilin da na taɓa gani a aikin nan, ina ƙorafin tana yawan tambaya.